Ba na cin nama, kuma wanda zan aura bai sani ba

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni budurwa ce 'yar shekara 24, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Tun ina 'yar shekara 9 rabona da nama. Babu wanda ya hana ni, ƙarninsa ne kawai ba na iya jurewa, da na kai baki sai zuciyata ta tashi. Kifi ma haka. Ina cin ƙwai, ina shan nono. A gidanmu kowa ya saba, Mama takan ɗebe min miyata kafin ta zuba nama.

An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah. Wanda zan aura a Kaduna yake aiki, duk sati biyu yake zuwa, kuma idan ya zo yakan ɗauke mu, ni da ƙanwata da ƙanwarsa, zuwa gidan abinci, wani lokaci unguwar PZ, wani lokaci Samaru, duk a nan Zariya. Kafin in buɗe baki ya ce a kawo min rabin kaza. Sai in yi ta juya cokali, in tsakuri soyayyen dankali da kabeji, idan ya fita amsa waya in tura wa ƙanwata kazar. Wata bakwai ke nan muna haka. Rannan ƙanwarsa ta gani, ta ce ko raina abincin yayanta nake yi, ta kuma ce wannan ai haramta abin da Allah ya halatta ne. Gwaggo, ina tsoron in faɗa masa ya ce na yaudare shi, ko danginsa su ce iska gare ni. Ga shi kwanan nan ina yawan jin kasala da jiri. Me zan riƙa ci a irin waɗannan wurare, kuma yaya zan yi da shi?

'Yarki daga Tudun Wada, Zariya.

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya alheri a wannan aure, ya kai mu ranar lafiya.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne wurin da kika ce wata bakwai. Wata bakwai kina zaune gaban faranti da yunwa a cikinki, kina jiran wayarsa ta yi ƙara. Shi kuma wata bakwai yana zaro kuɗin guminsa yana sayen abin da yake zaton da shi yake faranta miki rai. Shirun nan ya cuce ki, ya cuce shi. Don haka ta nan zan fara, maganar abinci ta biyo baya.

Ki fara gane abin da rabin kazar nan take nufi a wurinsa. A ƙasarmu da nama ake karrama mutum. Baƙo ya sauka, a kama kaza a yanka. Mace ta haihu, a kawo mata ƙauri. Magidanci ya shigo da dare da ƙunshin tsire ko balangu, yara su kewaye shi, shi kaɗai ya san daɗin da yake ji a ransa. A cikin wannan yaron nan ya tashi. Idan ya ce a kawo miki kaza, gaya miki yake yi cewa kina da daraja a wurinsa, kuma zai iya riƙe ki. Abin da ya sa ƙanwarsa ta ji zafi ke nan: a idonta karamcin yayanta kika ture. Ban ji daɗin kalaman da ta yaɓa miki ba, amma na san daga inda suka fito, kuma ina so ke ma ki sani, don kada ki shiga gidansu da ita a zuciya.

Batun haramta halal kuwa, ki kwantar da hankalinki. Gaskiya ne Allah ya hana mu haramta daɗaɗan abubuwan da ya halatta mana, a Suratul Ma'ida aya ta 87. Gaskiya ne kuma Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗaura niyyar ƙuntata wa kansu don neman lada, wani ya ce ba zai yi aure ba, wani ya ce ba zai ci nama ba, wani ya ce ba zai kwanta a kan shimfiɗa ba, Manzon Allah (SAW) ya yi musu gyara. Waɗannan sun ɗauki barin nama ibada ne. Ke kuwa ba ki ce haramun ba ne, ba ki hana kowa ci ba, ranki ne bai karɓa ba. Naki ya fi kama da abin da Bukhari da Muslim suka kawo daga Khalid ɗan Walid: an gabatar wa Annabi (SAW) gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, ya miƙa hannu, da aka gaya masa ko mene ne sai ya janye. Khalid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, don haka ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci, Annabi yana kallonsa. Ɗaya ya ci, ɗaya ya bari, a zama ɗaya, ba wanda ya ga laifin wani. Ki kai wannan wurin malamin da kika yarda da shi, zai ƙara miki bayani.

Maganar iska ma kada ta hana ki barci. Nawa ne a cikinmu ba sa iya haɗiye miyar yauƙi? Nawa ne warin man shanu ke kora daga ɗaki? Ba mu taɓa kai ɗayansu wurin ruƙiyya ba.

Ki gaya masa a zuwansa na gaba, kada ki ƙara ko sati biyu. Kada ki yi a gidan abinci gaban ƙannenku, kada kuma ki tura ta waya. Idan ya zo zance gida, bayan an gaisa an natsu, ki ce masa akwai abin da kika ɓoye masa saboda kunya, kuma kin yi kuskure. Ki faɗa masa tun kina ƙarama ba kya iya cin nama da kifi, cewa duk kajin da ya saya ƙanwarki ce ta ci, kuma kin ga ƙoƙarinsa kin gode. Haƙurin da za ki ba shi na ɓoyewar ne kawai. Rashin cin naman ba laifi ba ne, kada ki roƙi gafara a kansa, don idan kika fara haka za ki yi ta roƙo har tsufa. Zai iya jin haushi na kwana ɗaya ko biyu, kuma yana da hakkin hakan. Idan ya yi shakka, ga Mama nan, shekara 15 tana ɗebe miki miya.

Amma kada ki tsaya nan. Namiji mai son kyauta, idan kika rufe masa ƙofa ɗaya ba ki buɗe masa wata ba, sai ya ji kamar ba a bukatarsa. A wannan zaman ki gaya masa abin da kike so da gaske: fura da kindirmo mai kyau, kankana, dabino, gyaɗa, awara da zafinta. Ki bar shi ya ci gaba da shigowa da leda a hannu. Sannan ki roƙe shi, shi da bakinsa, ya sanar da mahaifiyarsa da ƙanwarsa, domin maganar da ta fito daga ɗa ba ta zama ɗaya da wadda ta fito daga suruka. Idan kuwa ya mai da abin abin gori, ko ya ce sai kin ci dole, to kin ga wani hali nasa, kuma gara ki gan shi tun kina ɗakin Mama.

Yanzu ga gidan abinci. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne tambayar "akwai nama a ciki?" A kunnen mai kawo abinci, nama shi ne yankan da ake ɗorawa a saman faranti, a lissafa kuɗinsa daban. Zai ce miki babu, da zuciya ɗaya. Alhali yadda ake girki a yawancin waɗannan wurare, da sassafe ake tafasa nama da kaji a babbar tukunya, a tsame a soya, romon kuma ya bi sauran tukwane. Da shi ake dafa jalof, da shi ake dafa soyayyiyar shinkafa, wadda sau da yawa har hanta ake yankawa ƙanana a ciki, shi ake zubawa a miya. Man da aka soya kaza shi ne wani lokaci zai soya dankali, ko ya koma miyar tumatir. Miyar agushi da ta ganye irin ta 'yan Kudu kuwa da wuya ki same su babu busasshen kifi, ko kirefish, ko ganda.

Na taɓa raka wata ƙawata da likita ya hana jan nama saboda ciwon gaɓoɓi wani gidan abinci a Sabon Gari. Ta ce tuwo da miya, ba nama. Yarinyar ta kawo da nama. Da aka yi magana sai ta juya baya, ta sa cokali ta tsame yankan biyu, ta dawo da kwanon. Raina ya ɓaci a ranar. Daga baya na gane iyakar abin da ta fahimta ke nan, mu ne ba mu iya tambaya ba.

Don haka ki canza tambayar. Ki ce, "Don Allah da romo aka dafa wannan?" Ki ce, "An sa kifi ko kirefish?" Idan soyayyen abu ne ki ce, "Man nan an soya kaza a ciki?" Idan mai kawo abincin ya fara kame-kame, ki roƙa cikin ladabi a tambayo miki mai girki, don ita ta san abin da ta zuba. Kada ki ji nauyin wannan, kuɗi za a biya. A Sabon Gari ma ba baƙuwar bukata ba ce, domin Kiristoci 'yan Katolika suna barin nama ranakun Juma'a a azuminsu na kwana 40 kafin Ista, masu girki da yawa sun san da haka.

Abin da ya fi aminci shi ne wanda aka dafa da ruwa zalla, ko wanda za a haɗa miki nan take. Farar shinkafa da dafaffen wake da soyayyen filanten cikakken abinci ne. Dafaffiyar doya da miyar ƙwai, wadda a lokacin ake soya ta da tumatir da albasa da attaruhu, ita ma haka, kuma za ki iya cewa a zuba ta a kan farar taliya. Alale sai kin tambaya, don wasu suna sa kifi. Salak ma ki duba, akwai masu marmasa kifin gwangwani a kai, kuma ɗanyen ganye sai a wurin da kika yarda da tsabtarsa, musamman da damina lokacin da amai da gudawa da taifot suke yawa. Mai shawarma zai iya naɗe miki da kabeji da ƙwai idan kika ce a cire kaza da sosej, masu fiza kuma suna yin ta kayan lambu da cuku. Ki guji zuwa tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana, musamman a Samaru, lokacin da ɗalibai da ma'aikatan jami'a suke cika wuri. A wannan cunkoson babu mai sauraron bukata ta musamman. Ki zaɓi wuri ɗaya ko biyu ki riƙe, ki riƙa gaisawa da masu aikin. Zuwa na uku, da sun hango ki za su ce ga mai shinkafa da wake ta zo.

Akwai dunƙulen magi mai ɗanɗanon kaza, haka ma garin da ke cikin ledar Indomie. Idan yana tayar miki da zuciya, mai shayi zai iya ajiye shi ya dafa miki da albasa da attaruhu da gishiri. Idan kuwa ba ya damunki, ki ci abinki. Ke ba alwashi kika ɗauka ba, jikinki kike bi, kada ki ɗora wa kanki waswasin da babu wanda ya ɗora miki.

In gaya miki gaskiya, manyan wuraren nan masu gilashi da sanyin esi su ne inda marar cin nama ya fi shan wahala, domin a kan kaza aka gina duk jerin abincinsu, saura rakiya ne. Abincinmu na gado ba haka yake ba. Kakanninmu ba kullum suke ganin nama ba, sai ranar kasuwa ko suna ko Sallah, kuma da ƙarfinsu suka yi noma suka gina ganuwar birnin nan. Ke Bazazzagiya ce, 'yata. Faten da Kanawa suke tsokanarmu da shi, ki duba abin da ke cikinsa: tsakin masara, rama ko yakuwa ko alayyahu, dakakkiyar gyaɗa, wake, daddawa, manja. Hatsi da ganye da mai da abin gina jiki duk a kwano ɗaya. Sai dai ki tambaya ko an jefa ƙashi ko banda, don wasu suna yi. Ga ɗan wake da mai da yaji da yankakken tumatir. Ga garau-garau. Ga dambu da zogale, ga kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, ga ƙosai da kunun gyaɗa da safe, ga awarar da 'yan mata suke soyawa da yamma kusan a kowace unguwa, daga Gyallesu har Hanwa. Waina da sinasir su kansu babu nama, miyar taushen ce ake yi da ƙashi, sai ki ci da ƙuli ko zuma. Miyar kuka ma, idan ta samu daddawa da wake da man shanu, ba ta neman komai.

Kuma a garin da ya fi dacewa kike. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, kuma irin da manoma da yawa suke shukawa, wanda ake kira SAMPEA, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru ya fito, kamar yadda irin gyaɗa na SAMNUT ya fito daga can. Kazar ƙwai ta Shika Brown a Shika, nan kusa da Zariya, aka samar da ita. Da rani kuma fadamun Galma suna cika kasuwar Sabon Gari da tumatir da albasa da kabeji da karas. Don haka idan ya ce ku fita, ki ce masa wannan karon ke za ki zaɓi wuri, ki kai shi inda ake abincin gargajiya mai tsabta. Shi ya ci tuwonsa da naman kai, ke ki ci fatenki. Ko ku saya a zuba a kula, ku dawo tsakar gida a shimfiɗa tabarma.

Kasala da jirin nan su ne suka fi tayar min da hankali, kuma ba na so ki yi wasa da su. Rashin nama shi kaɗai ba ya kayar da mutum. Lokacin da muke sakandare a shekarun 1980 makarantun Arewa cike suke da malamai 'yan Indiya, kuma wadda ta koya mana lissafi ba ta taɓa cin nama ba tun da aka haife ta, da wake da ganye da madara ta rayu, ba ta taɓa fashin aji ba. Amma dankali da kabeji da lemon kwalba ba abinci ba ne. Busasshen wake kusan kashi 25 cikin 100 nasa sinadarin gina jiki ne, waken suya da ake awara da shi ya haura kashi 35. Idan aka haɗa wake da hatsi, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa, shi ya sa shinkafa da wake ko ƙosai da kunu suke riƙe ciki. Ki tabbata kullum ɗayan waɗannan ya shiga bakinki: wake, awara, gyaɗa, ƙwai ko nono.

Abubuwa biyu ne suka fi kuɓuce wa marar cin nama. Na farko sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda mace take rasawa duk wata. Akwai shi a wake da zogale da alayyahu, sai dai jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Lemon zaƙi, gwaiba, ɗanyen tumatir ko matsin lemon tsami a kan abinci suna taimaka masa ya shiga jini. Shayi kuwa yana tare shi, don haka ki bar tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Na biyu bitamin B12, wanda ba a samunsa a hatsi ko ganye, sai a abin da ya fito daga dabba. Babban mutum yana bukatar maikurogiram 2.4 a rana, kofi ɗaya na madara yana ba da kusan rabin wannan, ƙwai ɗaya kuma ƙasa da haka. Hanta tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa ƙarancinsa yake zuwa a hankali, da gajiya, da mantuwa, da jin kamar ana tsira allura a tafin hannu da ƙafa. Tunda za ku je gwajin jini na kafin aure, ki gaya wa likita kai tsaye cewa shekara 15 ba ki ci nama ko kifi ba, kuma kina jiri. Ki roƙa a auna yawan jininki, a duba B12 idan da hali. Kada ki sayi maganin ƙarin jini a kemis da kanki, don jiri yana da dalilai da yawa. Ki kuma tambaye shi batun bitamin ɗin da ake kira folik asid, wanda ake so mace ta fara sha tun kafin ta ɗauki ciki.

Saura tukunyar gidanki. Wannan ma ku yi maganarta tun yanzu: shi mai cin nama ne, kuma hakkinsa ne ya same shi a gidansa. Dabarar Mama ita ce taki. Ki haɗa miya har ta nuna, ki ɗebe taki a ƙaramar tukunya, sannan ki zuba romo da nama a tasa. Idan taɓa ɗanye ne yake wahalar da ke, ya sa mahauci ya yanka ya gyara tun a kasuwa, ki wanke da lemon tsami, yana kashe ƙarni sosai. Ɗanɗanon gishirin tasa tukunyar kuma shi za ki miƙa wa cokali.

Sallah tana gabanku kafin biki, kuma na tabbata za a aiko miki da cinya ko soyayye daga gidansu. Cin naman layya abin so ne, ba wajibi ba ne a kan kowa. Ki karɓa da hannu biyu, ki kira mahaifiyarsa ki yi godiya, a raba a gidanku a ci. Washegari ki tashi da wuri ki yi dambu mai zogale da gyaɗa wadatacce, ki zuba a kula mai kyau, ƙanwarki ta kai mata.